Ledar da Ban Ɓare Ba

Innata ba ta ɓare leda daga jikin sabon abu. Katifarta ta shekara bakwai a ɗakinta, amma har yau in ta juya sai ka ji ƙarar leda a ƙarƙashin zanen gado. Rediyonta yana sanye da tasa. Agogon bango, murfin firji, fuskar wayarta, kowanne yana nan da 'yar fatarsa mai sheƙi, ko da gefenta ya fara naɗewa ya yi baƙi. Muna yara, in ɗayanmu ya sa farce zai ja, sai ta buge hannun ta ce, "Bar ta nan, ita ka tsare shi." Kuma ba gidanmu kaɗai ba ne. A Talata Mafara za ka ga ɗan kabu-kabu ya shekara yana aiki da babur, ledar tanki tana nan tana kaɗawa a iska. Na tashi ina ganin cewa mai hankali shi ne wanda abinsa ya daɗe yana kama da sabo.

Na yi karatun kwamfuta shekara biyu, na fito da difloma mai kyau. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne ban taɓa sa hannuna a cikin kwamfuta ba. Ranar da malaminmu ya buɗe guda a gaban aji, maza suka yi mata zobe, ni kuwa ina can bakin taga inda na saba zama, ina kallon balbelu suna sauka a gonakin shinkafa, ina rubuta 'yan baitoci a bayan littafina. Ina da saurin hadda. In aka ce in zana cikin kwamfuta in sa wa kowane sashe suna, sai in zana ya fi na littafi kyau. A gida kuwa tun kafin sakamako ya fito aka fara kirana Injiniya, kuma wanda ya raɗa mini sunan shi ne Kawu.

Kawu ƙanin Inna ne. Yana da ɗan shago a Maradun kusa da kasuwa, inda yake buga wa mutane wasiƙu da katin biki da na suna, yana cike wa ɗalibai fom. Kwamfuta ɗaya gare shi, tsohuwa, babba, irin wadda ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur. A bazarar shekarar da na gama makaranta ta mutu. Ya kai ta wurin amininsa, wani mai gyara mutumin Bakura, wanda ke zuwa kasuwar Mafara kowace Talata ya buɗe rumfarsa a layin masu batir da tocila. Tare suka yi makarantar kwana tun suna yara. Da rediyo ya fara sana'a kafin ya koma kan waya da kwamfuta, shi ya sa Kawu ke kiransa Likitan rediyo, shi kuma yana kiran Kawu Akawu. Likita ya duba, ya ce fanka ce ta tsaya, zafi ya ƙona firosesa. Ya ce zai samo wata, da sabon ƙarfen sanyaya, a zo Talata ta gaba.

Da Talatar ta zo, Kawu ya biyo ta gidanmu ya ɗauke ni. Sai da suka gama gaisuwa tsaf, daga kwana zuwa gajiya zuwa iyali zuwa zafi zuwa hanya, suka sake komowa kan iyali, sannan Likita ya jawo kayan daga jaka. Mutum ne siriri, mai furfura a gemu, tabarau ɗinsa an ɗaure ƙafa ɗaya da waya.

"To ina injin, Akawu? Kawo in aza maka, aikin minti goma ne."

"Yana gida," in ji Kawu, yana gyara hula. "Wanga karon ka huta, Likita. Ga injiniya nan, ɗiyar yayata. Difloma gare ta. Ba da rediyon tsohuwa ta koyi aiki ba."

"Rediyon tsohuwar dai shi ya ciyar da kai ranar da aka kore ka daga aji," in ji Likita, suka kwashe da dariya. Sai ya juyo wurina. "Madalla, ɗiyata, Allah shi yi albarka. Abu guda dai, in za ki aza ƙarfen ga bisa firosesa..."

"Kai, kai! Mai difloma za ka koya ma aiki?"

Likita ya ɗaga hannuwa biyu alamar ya bari. Amma idonsa yana kaina, yana jira. Da na ce, "Ina jin ka, Baba," da ya ƙarasa maganarsa. Sai na sunkuyar da kai na ja mayafi na yi murmushi. Duk wanda ya gan ni a lokacin zai ce kunya ce irin ta 'ya mai tarbiyya. Ni na san abin da yake cikina. Daɗin sunan nake ji, ba na so a rage mini shi a gaban masu batir.

Ranar Laraba da safe na hau motar Maradun. Inna ta ce in tabbata na dawo kafin la'asar, saboda hanya. Muka wuce magudanan ruwa da gonaki kore shar a tsakiyar rani, ina rungume da ledar kayan a cinyata kamar an ba ni jariri.

Kawu ya share mini tebur, ya shimfiɗa sabon tawul. Na jera kayan. Firosesa ɗan abu ne mai kusurwa huɗu, faɗinsa bai wuce na akwatin ashana ba, amma shi ke yin duk tunanin kwamfuta, kuma in yana aiki zafi yake yi ƙwarai. Shi ya sa ake ɗora masa wani curin ƙarfe mai haƙora kamar matsefi, da fanka a samansa. Ƙarfen ya zuƙe zafin, fankar ta kore shi. Tsakaninsu ana sa wani mai ruwan toka da ke zuwa a cikin ɗan sirinji, don su manne da juna sosai, zafi ya sami hanyar wucewa. Duk wannan na san shi. Na rubuta shi a jarrabawa, an ba ni maki.

Na wanke hannu na goge, na yi bismillah, na taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar kamar yadda littafi ya ce. Na kwance tsohon ƙarfen da sukundireba. Na ɗaga ɗan maƙullin da ke riƙe da tsohuwar firosesa, na cire ta. Da na juya sabuwar na ga cikinta, sai na tsaya ina kallo. Ɗigo-ɗigo ne na ruwan zinariya, layi-layi, kamar gonar da aka yi wa shuka da kyau. A kusurwa ɗaya akwai 'yar alama mai kusurwa uku, a mazauninta ma akwai irinta. Na daidaita su, na sake ta a hankali. Ta zauna da kanta ba tare da na danna ba. Na mayar da maƙullin, ya ɗan yi tauri, ya kama. Wani farin ciki ya taso mini wanda ban taɓa jin irinsa a ɗakin jarrabawa ba.

Sai na ɗauki sirinjin. Ni ce mai yi wa ƙawayena lalle in ana biki, kuma yadda man nan ya fito siriri daga bakin sirinji, hannuna bai tambaye ni ba. Na yi ɗigo a tsakiya, na kewaye shi da ganye biyar, na ja reshe, na bi gefe da ɗigo-ɗigo, har sirinjin ya ƙare tas.

"Ikon Allah," in ji Kawu daga bayana. "Har da ado. Likita bai taɓa yin wannan ba."

Na buɗe kwalin sabon ƙarfen. Da na juya shi, na ga gindinsa jan ƙarfe ne mai sheƙi kamar madubi, har ina ganin idona a ciki. A kansa akwai wata siririyar leda, fara tas, ba rubutu, da ɗan kunne a gefe. Ba zan ce ban gan ta ba. Na sa farce na ɗaga kunnen, na ja kaɗan, na ga yadda ƙarfen yake ƙyalli a ƙarƙashi. Na yi tunanin man nan mai toka zai ɓata shi, na yi tunanin ƙura da tsatsa. Sai na mayar da ledar, na shafe ta da babban yatsa har ta kwanta lif. Ina jin kaina mai hankali, mai tattalin kayan kawunta.

Na ɗora ƙarfen a kan furen da na zana. Na ɗaure notuna huɗu, wannan da na kusurwar da ke fuskantarsa, kaɗan-kaɗan, kamar yadda aka koya mana. Na jona wayar fanka. Kawu ya tayar da janareto.

Kwamfuta ta tashi. Kawu ya yi kabbara, ya leƙa waje ya kira tela maƙwabcinsa ya zo ya ga aikin ɗiyar yayarsa. Ya zauna ya fara buga wani katin suna da ya kwana biyar yana jira. Rana ta fara dukan kwanon shagon. Bai kai ga sunan mai jego ba fanka ta fara kuka kamar za ta tashi sama, rubutu ya fara fita da ƙyar, sai allo ya yi baƙi. Muka jira, muka sake kunnawa. Ta yi ɗan lokaci, ta sake mutuwa. A karo na uku na miƙa yatsa na taɓa haƙoran ƙarfen, ina tsammanin zai ƙona ni. Da ƙyar ya yi ɗumi. Na san ba haka ya kamata ya kasance ba, amma ban tsaya na yi tunani a kai ba.

Tela ya zame ya koma shagonsa.

"Aikinki na gani da idona, ba kuskure," in ji Kawu. "Kayan ne. Mataccen abu ya ba ni. Shekara talatin muna tare, ni zai yi ma haka? Ko ba haka ba, Injiniya?"

"Mai yiwuwa ne, Kawu," na ce.

Kalmomi huɗu ne. Har yau in na tuna su sai in ji bakina ya yi ɗaci.

Washegari Alhamis na zauna a inuwar ɗakin girki na nemi bidiyon yadda ake aikin a wayata. Hannuwan mutumin kawai ake gani. Ya ɗauko ƙarfe irin na Kawu, ya juya shi, kafin komai ya kama kunnen ledar ya ɓare ya jefar gefe, kamar ɓawon gyaɗa. Ya ce in aka bar ta, zafi ba ya wucewa. Na mayar da bidiyon baya na sake kallo. Na sake. Wata kaza ta zo tana tsattsagar ƙasa kusa da ƙafata, na kasa ko korar ta.

Daga Alhamis zuwa Talata kwana biyar ne, kuma kowace rana Kawu sai ya kira Inna. Wayarta tana da ƙarfin murya, ina tsintar shinkafa a tsakar gida ina jin komai. Ya gaya wa tela, ya gaya wa mai shayi, ya gaya wa mutanen masallaci. Kullum labarin ƙara girma yake. Na shirya yadda zan faɗa ya fi sau ashirin. Na kuma shirya yadda ba zan faɗa ba: in je Maradun, in aiki Kawu sayen ruwa, in kwance ƙarfen in ɓare ledar in mayar. Amma in aka ɗaga ƙarfe sai an goge tsohon mai an sa sabo, ni kuwa na ƙarar da shi wurin zanen fure. Mutum ɗaya na sani da ke sayar da shi, shi ne Likita.

Ranar Talata Kawu ya iso da akwatin kwamfutar ɗaure da igiya a bayan babur. Ya ce in zo in yi wa Likita bayani da bakin masu ilimi. Na bi shi.

Bai yi sallama ba. A garinmu ko maƙiyinka ne sai ka tambayi kwanansa kafin ka faɗi abin da ya kawo ka, amma Kawu ya dire akwatin a kan tebur, har ƙananan notuna suka yi tsalle.

"Ga mushenka nan."

Likita ya ɗago. "Akawu, ina kwana?"

"Riƙe gaisuwarka. In cuta za ka fara, sai ka fara da ni?"

Masu batir suka juyo. Masu wucewa suka rage tafiya. Akwai wani mutum mai shuɗiyar hula zaune a kan benci, ya kawo 'yar kwamfutarsa ta hannu gyara, tana buɗe a gaban Likita. Kawu ya ɗaga murya ya zayyana komai, yadda injiniya mai difloma ta yi aiki ba kuskure, yadda injin ya mutu sau uku. Likita ya gyara zaman tabarau ɗinsa. Ya jawo akwatin, ya buɗe, ya kwance notuna huɗun nan da na ɗaure, ya ɗaga ƙarfen ya juya shi zuwa fuskarsa.

Ina tsaye daidai kafaɗarsa. Na ga abin da ya gani. Furena ya baje ya zama taɓo, ya malalo ta gefe, kuma a ƙarƙashinsa ga ledar nan da ɗan kunnenta. Ya dube ni ta saman tabarau. Ba harara ba ce. Da harara ce da ta fi mini sauƙi.

Sai ya sauke ƙarfen ƙasa da bakin tebur, inda ba mai gani sai ni. Babban yatsansa ya yi motsi sau ɗaya. Ledar ta naɗe ta shige aljihun rigarsa.

"Ka yi haƙuri, Akawu," ya ce. "Man da na ba ku ne bai da kyau, ya daɗe a ajiye. Kuskurena ne."

"Kun ji ko!" in ji Kawu, yana juyawa ga jama'a. "Da bakinsa!"

Likita ya goge firosesa da auduga, ya sa ɗigon mai guda, ya ɗora ƙarfen ya ɗaure. Ya jona kwamfutar da batirin solarsa. Ta tashi, fanka tana juyawa a hankali kamar numfashin mai barci. Aka jira, aka jira, ba ta mutu ba. Kawu bai ce na gode ba. Yana cikin ɗaure akwatinsa sai mai shuɗiyar hula ya miƙe, ya rufe kwamfutarsa, ya sa ta a jaka.

"Bari in dawo wani lokaci, Malam," ya ce.

Kowa ya san ba zai dawo ba. Bakina a buɗe yake, na rantse, iska ma na ja. Amma idanu sun yi yawa, kuma Kawu yana cewa, "Mu tahi, Injiniya." Na bi shi.

Bayan magariba Inna tana zaune a bakin katifarta tana lazimi, na durƙusa na faɗa mata duka, tun daga kunnen ledar har zuwa aljihun Likita. Ta motsa, katifar ta yi ƙararta, sai muka dubi juna.

"Ledata ce ta kai ki," ta ce.

"A'a, Inna. Ya so ya faɗa mani tun ranar farko. Ni ce ban saurara ba."

"To wannan naki ne. Gobe ki shirya, Bakura za mu."

Gidan Likita yana bayan wata 'yar kasuwar dabbobi, da bishiyar dogonyaro a ƙofa. Matarsa ta karɓe mu, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa da fura. Da ya shigo, shi da Inna suka yi gaisuwa mai tsawo, ni kuwa ina kallon saƙar tabarma. Da aka zo kaina, na faɗi abin da na zo faɗa. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani gwangwanin madara da yake zuba notuna, ya zaro ledar daga ciki. Ashe ya riga ya wanke ta, ya miƙar da ita.

"Na ajiye maki," ya ce. "Na san za ki zo."

"Baba, don me ka ce laifinka ne?"

"Ɗiyata, ya zan tona ki a tsakiyar maza, a layin masu batir? Shi kuma Akawu, bayan cika bakin da ya yi, da wane ido zai koma Maradun? Ni tsoho ne, na saba. Magana ta wuce."

"Ba ta wuce ba," in ji matarsa daga bakin murhu, ba ta ko juyo ba. "Jiya da ya dawo bai ci tuwo ba. Yau da sahe mutum biyu sun aiko a ba su wayoyinsu, ba a ko gyara ba. Labari ya riga shi isowa gida."

"Ke dai ki ji da miyarki," in ji Likita.

"Miyata lahiya lau take. Sunanka ne ba lahiya."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya jawo wata kwamfuta da ke buɗe a gefen ɗaki, ya miƙo mini auduga da sirinji. Ya ce in goge, in sa mai kamar ƙwayar wake guda a tsakiya, kada in shafa, nauyin ƙarfen zai baza shi. Na yi yadda ya ce. "Furen ki bar ma amare," ya ce, Inna ta yi dariya duk da ba ta so.

A mota muna dawowa ba wanda ya ce mini in yi wani abu. Inna tana kallon shanu ta taga. Ledar tana cikin tafin hannuna, ba ta da nauyin komai. Ina ta jin muryar matar nan. Da muka iso gida na ari wayar Inna na kira Kawu, na ce ina roƙonsa ya zo kasuwa ranar Talata, akwai abin da zan faɗa a rumfar Likita. Ya ce shi ya gama da wannan rumfar. Na ce don Allah. Ya ce injin yana aiki lafiya, me kuma ya rage? Na sake cewa don Allah, Kawu.

Ya zo, yana ɗaure da fuska, ya tsaya nesa da tebur. Likita da ya gan ni ya girgiza kai, alamar kada in yi. Na tsaya a inda Kawu ya tsaya makon jiya. Na fara magana, ban ji muryata ba ni kaina.

"Ɗaga murya, 'yammata," in ji wani mai batir. "Ba mu ji."

Na ɗaga. Na ce kayan da Baba ya sayar lafiyarsu ƙalau, man ma lafiyarsa ƙalau. Na ce ni ce na bar leda a gindin ƙarfen, da sanina, don kada ya ɓaci. Na ce ya so ya gargaɗe ni ban saurara ba, na gane kuskurena tun ranar Alhamis na yi shiru, kuma makon jiya ya ɗauki laifin ne don ya rufa mini asiri. Na ɗaga ledar sama. Rana ta ratsa ta, da ƙyar ake ganinta.

Sai wani ɗan kabu-kabu da ya tsaya sayen batir ya ce, "Wallahi ni ma da barin ta zan yi. Sabon abu hwa!" Aka fashe da dariya. Na ji fuskata kamar an kara ta a wuta. Wani ya ce, "Injiniya mai leda," dariyar ta ƙaru. Sunan ya bi ni, har yau akwai masu kirana da shi a layin nan.

Kawu bai yi dariya ba. Ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Ya dube ni, na ga abin da na yi masa shi ma. Sai ya taka a hankali zuwa gaban tebur, ya tattara babbar rigarsa, ya tsuguna a ƙasa, shi da ko a gaban hakimi ba ya son tsugunawa.

"Likita, ina kwana?"

"Lahiya lau, Akawu."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya iyali? Ya ka koma gida ran nan?"

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, duk gaisuwar da ya hana shi makon jiya, har da ta zafi da ta hanya. Likita yana amsawa yana goge tabarau da bakin riga. Da suka kai ƙarshe ya ce, "Tashi haka nan, kar gwiwarka ta riƙe in rasa mai yi ma tsiya. Gwiwa ba ta cikin abin da nike gyarawa." Kawu ya yi wata dariya mai kama da tari, ya miƙe.

A hanyar gida bai kira ni Injiniya ba. Ya ce, "Ɗiyata, da kin hwaɗa mani tun a shago." Na ce na sani. Ranar kasuwar Maradun, na ji labari, ya bi tela da mai shayi da mutanen masallaci ɗaya bayan ɗaya yana warware abin da ya faɗa. Ɗaya daga cikin masu wayoyin nan na Bakura ya mayar da tasa. Ɗayan ya riga ya kai wani wuri.

Mai shuɗiyar hula kuwa ba ya nan ranar da na yi magana. Na tambayi masu batir, ba wanda ya san daga ina yake. Wani ya ce yana jin malamin makaranta ne daga wajen Ruwan Gizo, wani ya ce a'a. Yanzu kowace Talata ina zama a gefen teburin Likita ina koyon aiki, ina goge firosesa da auduga, ina sa ɗigo guda kamar ƙwayar wake. In na ga shuɗiyar hula ta shigo layin, sai in ajiye sirinji in miƙe. Likita ya daina ce mini in zauna. Har yanzu dai ba shi ba ne.